BABI NA TARA: HAUSA A FAGEN KIMIYYA – CIKON SAIWAR HAƘORI DA MATSALAR NASO

9.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da Hausa take bi wajen samar da keɓaɓɓun kalmomi, wato aro da kwaskwarima, da fassara, da faɗaɗa ma'ana, da kuma ƙirƙira. Sai dai ƙa'ida ba ta zama a kai sai an gwada ta a kan wani abu. Saboda haka a wannan babi za a ɗauki batu guda daga fannin likitancin haƙori, a yi bayaninsa da Hausa tun daga tushe, sannan a waiwayi kalmomin da aka yi aiki da su. Batun shi ne: idan likita ya wanke cikin saiwar haƙori ya cike ta, yaya ingancin wannan ciko yake wajen hana ruwa da ƙwayoyin cuta sake kutsawa, kuma wace hanyar ciko ce ta fi?

Da gangan aka zaɓi batu mai tsauri. Malamin Hausa ba adabi da nahawu kaɗai zai tarar a bakin aiki ba. Shi ake kai wa takardar asibiti a ce ya fassara, shi ake nema idan za a shirya darasin kiwon lafiya a firamare ko shirin wayar da kai a gidan rediyo. Idan ya fassara kalma bai fahimci abin da take nufi ba, yana iya sa mutum ya cire haƙorin da ke iya tsira. Ana sa ran a ƙarshen babin ɗalibi zai iya bayyana wannan aiki da Hausa mai gamsarwa, ya kuma iya kare zaɓin kalmominsa da hujja.

9.1 Ginin Haƙori da Dalilin Aikin

Baligi yana da haƙora 32 idan sun cika. Kowane haƙori yana da ɓangaren da ake gani a baki, wato kai, da ɓangaren da yake binne cikin ƙashin muƙamuƙi, wato saiwa. Farin ɓawon da ya rufe kan haƙori shi ne inamel, kuma babu abin da ya fi shi tauri a jikin ɗan'adam. A ƙarƙashinsa akwai dantin, wanda shi ne mafi yawan jikin haƙorin. A tsakiya kuma akwai wani kogo da ke ɗauke da tattausan nama mai jijiyoyin jini da jijiyoyin ji. Wannan nama shi za mu kira ɓargon haƙori. Kogon yana zarcewa cikin saiwa a matsayin siririn bututu, ya ɓulle ta wata 'yar kafa a ƙarshen saiwar. Haƙoran gaba galibi bututu ɗaya gare su, amma turmin farko na sama yakan zo da saiwa uku, kuma sau da yawa bututu huɗu.

Idan ruɓa ta ci inamel da dantin ta kai ga ɓargo, ƙwayoyin bakteriya na baki sukan shiga, ɓargon ya kumbura, daga baya ya mutu. Mataccen ɓargo kuwa babu jini mai zagaya shi, don haka dakarun garkuwar jiki ba sa isa wurin, maganin da aka haɗiya ma ba ya isa yadda ya kamata. Sai bututun ya zama maɓoyar ƙwayoyin cuta, dafinsu yana fita ta kafar saiwa yana cin ƙashin da ke kewaye. Daga nan ake samun ƙurji da mugunya da kumburin kunci.

Cewa bakteriya ce ummul'aba'isin wannan ciwo ba zato ba ne. A 1965 Kakehashi da abokan aikinsa a Amurka sun buɗe ɓargon haƙoran ɓeraye iri biyu. Ɓerayen da aka rena yadda aka saba, ɓargonsu ya mutu, ƙurji ya fito. Waɗanda aka rena a keɓe, babu ƙwayar cuta ko ɗaya a jikinsu, nasu ɓargon ya warke duk da cewa a buɗe aka bar shi. Ɗalibi ya riƙe wannan gwaji, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake tsaye.

Aikin likita ke nan ya kasu uku. Zai fitar da ruɓaɓɓen ɓargo ya gyara siffar bututun da wasu siraran magagarai. Zai wanke shi da ruwan magani, wanda mafi shahararsa shi ne sodiyam haifokulorait, dangin sinadarin bilicin wanki. Daga ƙarshe zai cike bututun, ya rufe kan haƙorin. Mataki na uku shi ne abin nazarinmu.

9.2 Kayan Ciko

Kayan da aka fi amfani da shi a duniya shi ne gatafaca, wani ƙaro da ake samu daga itatuwan yankin Maleshiya da Indonesiya. A tsakiyar ƙarni na 19 da shi ake naɗe wayoyin tangaraho da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, saboda ruwa ba ya cin sa. Ana danganta fara cike saiwar haƙori da shi ga wani likita mai suna Bowman a 1867. Abin da likita ke sakawa a yau ba zallar ƙaron ba ne. Kusan kashi 20 cikin 100 ne kawai ƙaro, mafi yawan sauran kuwa hodar zinki-oksayid ce. Ana sarrafa shi ya zama kamar tsinke, mai kauri a gindi da tsini a baki.

Gatafaca yana da naƙasa guda babba: ba ya mannewa da dantin. Ko yaya aka danna shi, sai an bar 'yar tazara tsakaninsa da bangon bututu. Wannan ya sa ake haɗa shi da wani kwaɓi mai danƙo da zai shiga tazarar, wanda za mu kira maliƙi. Maliƙi iri-iri ne. Akwai na dauri da ake haɗawa da zinki-oksayid da yujinol, akwai na roba kamar AH Plus, akwai kuma na baya-bayan nan da ake yi da kalsiyam silikat, wanda danshin cikin haƙori ne yake sa shi ya daskare. Shi yujinol ɗin nan ba baƙon Bahaushe ba ne, domin shi ne man da ke cikin kanumfari, kuma shi ya sa kanumfari ke lafar da ciwon haƙori idan an danna shi a kogo. Lafawa ce kawai. Ƙwayoyin da ke can cikin saiwa suna nan daram.

9.3 Hanyoyin Ciko

Hanyar da aka fi koyarwa a makarantun likitancin haƙori ita ce matsin gefe. Likita zai shafa maliƙi, ya saka babban tsinke har ƙarshen bututu, ya sa wani ƙarfe mai tsini ya matse shi gefe guda, ya cusa ƙaramin tsinke a gurbin da ya samu, ya yi ta maimaitawa har wuri ya ƙare. Hanya ce mai araha, kuma likita yana iya sarrafa inda cikon zai tsaya. Aibinta shi ne tsinkayen ba sa narkewa su zama abu ɗaya. Kamar damin kara suke, maliƙi ne ke cike tsakaninsu. Haka kuma idan aka matsa da ƙarfi fiye da kima saiwa na iya tsagewa.

A 1967 Herbert Schilder na Jami'ar Bostan ya bayyana wata hanya da za mu kira dannin ɗumi. Hujjarsa ita ce bututun saiwa ba miƙaƙƙen rami ba ne kamar na famfo. Yana da lanƙwasa, da rassa a gefe, da siraran mahaɗai tsakanin bututu da bututu. Don haka sai a ɗumama gatafaca ya yi laushi, a danna shi daga sama zuwa ƙasa, ya malala cikin kowane lungu. Daga wannan tunani wasu hanyoyin suka tsiro: akwai wadda ake narka gatafaca a ɗura shi da wata na'ura mai kama da sirinji, wadda aka bayyana a 1977, akwai kuma wadda Johnson ya bayyana a 1978, inda ake lulluɓe wani ɗan sanda da gatafaca a ɗumama a tura gaba ɗaya, wadda daga baya ta shiga kasuwa da sunan Thermafil. Duk hanyoyin ɗumi suna cika lunguna fiye da matsin gefe, amma gatafaca yakan ɗan tsuke idan ya huce, kuma abu mai laushi yana da saurin zarcewa ya fita ta kafar saiwa.

Hanya ta ƙarshe ita ce tsinke ɗaya, wato a cika bututu da maliƙi a saka tsinke guda wanda ya dace da girmansa. A da ana raina ta, domin maliƙan dauri suna tsukewa, wasu kuma suna narkewa a hankali. Zuwan maliƙin kalsiyam silikat, wanda ba ya tsukewa idan ya daskare, ya dawo da ita fage, har ta zama ruwan dare a tsakanin likitoci da yawa.

9.4 Yadda Ake Auna Naso

A nan ne batun ya fi armashi, kuma a nan ne mai fassara ya fi bukatar natsuwa. Tazarar da ake magana a kai ido ba ya ganin ta. Ƙwayar bakteriya ba ta wuce kimanin maikuromita ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Cikon da ya fito sumul a hoton eksire yana iya kasancewa da hanyar da dubban ƙwayoyi za su bi. To yaya za a gane?

Shekaru da dama masu bincike sun dogara ga gwajin rini. Za a sami haƙoran da aka riga aka cire, a yi musu ciko ta hanyoyi daban-daban, a shafe jikinsu da abin da ruwa ba ya ratsawa ban da bakin saiwa, a tsoma su cikin shuɗin rini na metilin ko baƙar tawada. Bayan wani lokaci sai a tsaga haƙorin a auna milimita nawa rinin ya shiga. Wasu sun fi son gwajin tura ruwa, inda ake haɗa saiwar da siririn bututun gilashi mai ƙwayar iska a ciki, a matsa ruwa, a duba tafiyar ƙwayar iskar. Wannan ya fi na rini domin ba a lalata haƙorin, ana iya sake auna shi bayan watanni. Akwai kuma gwajin bakteriya: a sa saiwar tsakanin kwalabe biyu, ta sama da ƙwayoyin cuta, ta ƙasa da tsabtataccen romo, a ƙirga kwanakin da romon zai yi kafin ya gurɓace. A 2005 aka ƙaro gwajin da ake amfani da sukarin gulukos a madadin rini.

An buga ɗaruruwan rahotanni da waɗannan gwaje-gwaje, amma sakamakonsu ya ƙi haɗuwa. Wannan zai ce dannin ɗumi ya fi, wancan ya ce babu bambanci, na uku ya ba matsin gefe gaba. A 1993 Wu da Wesselink na Amsterdam suka yi bitar rahotannin, suka nuna cewa ko hanya ɗaya tak aka ɗauka, wato matsin gefe, alƙaluman da aka samu a kanta sun yi hannun riga da juna daga bincike zuwa bincike. Dalilan a fili suke idan an lura. Iskar da ta maƙale cikin tazara tana hana rini shiga, sai a zaci babu tazarar. Wasu kayan cikon suna kashe launin shuɗin rinin, sai ya shiga ba a gan shi ba. Ƙwayar rini ta fi ƙwayar bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, don haka shigar rini ba ta tabbatar da shigar cuta. Gwajin bakteriyar ma an gano cewa wani lokaci ƙwayoyin ba ta cikin ciko suke bi ba, ta gefen kakin da aka liƙe kwalaben da shi suke zagayawa. Abin ya kai ga a 2007 mujallar Journal of Endodontics, wadda tana cikin manyan mujallun fannin, ta sanar da cewa ta dakatar da karɓar irin waɗannan rahotanni na gwajin naso. A yau an fi karkata ga na'urar hoto ta maikuro-siti, wadda ke nuna guraben da ke cikin ciko ba tare da an tsaga haƙori ba, ko da yake ita ma gurbi take nunawa, ba warkewa ba.

Abu guda dai gwaje-gwajen suka yi tarayya a kai: babu hanyar da ta hana naso ɗungurungum.

Labarin wani kayan ciko mai suna Resilon ya isa misali. An fito da shi a 2004 da da'awar cewa yana mannewa da maliƙinsa, maliƙin kuma ya manne da dantin, su zama dunƙule guda. A wasu gwaje-gwajen bakteriya na farko ya yi wa gatafaca fintinkau. Da shekaru suka tafi aka bi sawun majiyyata, wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa yiwuwar lalacewar aikin da aka yi da shi ta ninka ta gatafaca fiye da sau biyar. An riga an daina sayar da shi. Ke nan abin da ya yi kyau a kwalba ba lallai ne ya yi kyau a baki ba.

9.5 Abin da Aka Gani a Bakin Majiyyata

Idan aka koma ga mutane masu rai, hoton yakan sauya. A 2007 Peng da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kan majiyyata, suka kwatanta hanyoyin ɗumi da matsin gefe. Ba su sami bambanci na a-zo-a-gani ba ta fuskar warkewa ko ciwon bayan aiki. Bambancin da ya fito shi ne hanyoyin ɗumi sun fi yawan zarcewa waje.

Inda ciko ya tsaya kuwa yana da tasiri. Sjögren da abokan aikinsa a Suwidin sun bi majiyyata shekara 8 zuwa 10, suka buga sakamakon a 1990. A haƙoran da ɓargonsu ya mutu har ƙashi ya taɓu, waɗanda cikonsu ya tsaya cikin milimita 2 daga ƙarshen saiwa kashi 94 cikin 100 sun warke. Waɗanda ciko ya zarce waje kashi 76 ne, waɗanda ya gaza kaiwa kuma kashi 68.

Sannan akwai ƙofar da aka daɗe ba a kula da ita ba, wato ta sama. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 gwaje-gwaje suka nuna cewa idan aka bar cikon saiwa a buɗe cikin yawu, ƙwayoyi suna iya ratsa shi daga sama har ƙasa cikin 'yan makonni. A 1995 Ray da Trope suka duba hotunan haƙora 1,010 da aka yi wa aikin. Inda cikon saiwa da murfin kai duka suka yi kyau, kusan kashi 91 cikin 100 ba su da alamar ciwo. Inda duka biyun suka ɓaci, kashi 18 ne kacal. Abin da ya ja hankali shi ne tsakiya: kyakkyawan ciko da mummunan murfi ya ba da kashi 44, mummunan ciko da kyakkyawan murfi kuwa kusan kashi 68. Wasu masana sun yi jayayya da fifita murfi a kan ciko, kuma bitar da aka yi a 2011 ta nuna cewa kowannensu yana da nasa nauyin. A ganina wannan shi ne sashen da ya fi shafar jama'armu. Sau da yawa majiyyaci yakan daina zuwa asibiti da zarar zogi ya lafa, ya bar haƙori da cikon wucin-gadi, wani don rashin kuɗi, wani don ya ɗauka an gama. Bayan watanni cikon ya faɗi, ciwo ya dawo, a ce aikin likita ba ya ci. Mai fassarar da ya ce wa majiyyaci "an gama, sai dai ka dawo a duba" alhali likita cewa ya yi a dawo a sa murfi na dindindin, ya yi ɓarna ba kaɗan ba.

9.6 Waiwaye a Kan Kalmomi

Jama'a sukan kira wannan aiki "kashe jijiya" ko "cire jijiya". Suna ne da ya kama baki, ba kuma za a iya kore shi ba, amma yana da illa biyu. Kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini da hanyar ji da agara, don haka ba ta fayyace komai. Na biyu, sunan yana nuna kamar da an kashe zafi an gama, ya bar wanki da ciko da murfi a waje. Shi ya sa aka zaɓi "ɓargo" ta hanyar faɗaɗa ma'ana, tunda shi ma tattausan abu ne a cikin kogon abu mai tauri. "Gatafaca" da "dantin" da "inamel" aro ne da kwaskwarima. A lura da yadda sautin leɓɓa da Hausa ba ta rarrabe shi ya koma "f". "Maliƙi" ƙirƙira ce bisa tsarin sunan kayan aiki mai ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -i, kamar mabuɗi da murfi da matoshi, ko da yake murfi ya ɗan sauya kama.

Kalmar da ta fi wuya ita ce wadda aka sa a kan babin. Wanda ya buɗe ƙamus zai ɗauko "yoyo". Amma yoyo fitar ruwa ne daga mazubi, kamar tulu ko bokiti, kuma ana ganin sa. "Ɗiga" tana bukatar ɗigo mai faɗowa. "Tsiyaya" da "zurara" suna nuna ruwa mai gudu. Abin da ke faruwa a haƙori kuwa shiga ce a hankali, ta kafofin da ba a gani, ba a kuma farga sai ɓarna ta bayyana. Wannan shi ne naso, irin wanda danshi ke yi wa gindin katangar ƙasa da damina, ko mai a jikin takarda.

Haka nan a bambance "cike" da "toshe" da "liƙe". Dukkansu aikatau ne 'yan aji huɗu a rabon Parsons na 1960, ajin da ke ɗauke da ma'anar game abu gaba ɗaya. Amma cikewa ta shafi gurbi, toshewa ta shafi baki ko hanya, liƙewa kuwa ta shafi haɗuwar fuska biyu har ba a bar tazara ba. Gatafaca yana cikewa, maliƙi ne ake fata ya liƙe. Mai fassarar da ya yi amfani da kalma ɗaya a wuraren nan biyu ya shafe ainihin tambayar da masu binciken suka shekara hamsin suna yi.

9.7 Jinga

1. Da kalmominka, bayyana dalilin da ya sa gwajin rini zai iya nuna babu naso alhali akwai tazara.
2. Wani ɗalibi ya fassara taken wannan babi da "yoyon haƙori". Kawo hujja biyu na karɓa ko ƙin wannan fassara.
3. Rubuta sanarwar rediyo da ba ta wuce kalma 120 ba, kana jan hankalin wanda aka yi wa cikon saiwa ya koma a sa masa murfi na dindindin. Kada ka yi amfani da kalmar aro fiye da uku.
4. Tambayi dattawa biyu a garinku sunayen da suke kiran haƙoran gaba da fiƙa da turame da dasashi, ka kwatanta su da na Daidaitacciyar Hausa.